Jawabin Maraba ga Daraktan Lafiya na Yankin Ashanti a Zangon Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai martaba Sarkin Zango, malamanmu, iyayenmu mata, da babban baƙonmu, Daraktan Lafiya na Yankin Ashanti: ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Mutanen Aboabo da Asawase da Sabon Zango suna yi maka lale marhabin.

Maganar cutar daji, wato sankara, ce ta tara mu. Kumasi ba ta rasa kayan aiki ba. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, yana da sashen cutar daji da injin gashi mai ƙona ciwon da haske, har daga Tamale da Bolgatanga ake turo masa marasa lafiya. Tun 2012 ake ajiye rajistar masu wannan cuta a garin nan, kuma inshorar lafiya ta ƙasa ta ɗauki maganin sankarar mama da ta bakin mahaifa. Alhamdu lillahi.

Damuwarmu ita ce tazarar da ke tsakanin ƙaramin asibitin unguwa da Gee. Mace za ta ji ƙullutu a mamanta, ta yi ta ɓoyewa don kunya. Ranar da ta daure ta je, sai a ba ta takardar zuwa Gee. Hoto a nan, gwajin tsoka a can, ga kuɗin mota, ga jiran sakamako, bayanin kuma da Turanci ko Tuwi. Daga nan wasu suke komawa gida su kama jiƙo da turare, sai ciwo ya fashe a dawo da su. Kuma babu wanda aikinsa ne ya tambaya, ina baiwar Allahn nan ta shige?

Ranka ya daɗe, wannan mutumin muke roƙo: nas mai jin Hausa, mai riƙe da sunan duk wanda aka tura, ta kira shi in bai zo ba, ta mayar wa asibitin unguwa da sakamakonsa. Wanda ciwonsa ya wuce magani kuwa, a riƙa leƙo shi a gida da maganin rage zafi.

Mu ma za mu ɗauki namu kason. Limamai sun yarda su yi maganar a huɗuba, makarantun Islamiyya za su ba da ɗaki ranar gwaji, masu maganin gargajiya kuma ga su nan zaune, a yi da su.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Ranka ya daɗe, bisimilla, muna sauraronka.